Dutsen da Kawu Ya Ce Daga Sama Ya Faɗo

Kawu ya ce bana zai gina wa Inna bene, ni ya saya mini keken ɗinki mai aiki da wuta, shi kuma sai an yi layi kafin a gan shi. Duk a kan wani dutse da muka tsinta a bakin teku.

Kawu ƙanen Inna ne. A unguwa ba mai kiran sunansa, Nataɓa ake ce masa, don ba abin da za ka ambata bai ce ya taɓa yi ba. In ka ce jirgin sama, ya taɓa tuƙawa. In ka ce ciwon haƙori, ya taɓa cire wa wani soja nasa a tsaye. A ɗan ɗakin bakin ƙofarmu yake kwana, kuma zaman nasa a bakin gaɓa yake, don tun ranar da ya gyara firjin Inna ya koma dafa ruwa, ta tsaya a kansa ta ce, "Saura ɗaya. Ka ƙara lalata mini abu ɗaya, ko wani ya ƙara zuwa ƙofar nan da ƙararka, wallahi da hannuna zan naɗe maka tabarma."

Ni kuwa ba na son ya tafi. Ba shi da inda za shi. Kuma duk gidan shi kaɗai ne in na yi shiru ba ya ce mini "ke kurma ce?" Shi bai ma san na yi shirun ba, bakinsa ba ya hutawa balle ya lura.

To ran nan da safe Inna ta aike mu sayen kifi, ta ba mu wuƙa a gyaro shi a can. Ruwa ya janye baya sosai. Muna tafe a kan jiƙaƙƙen yashi sai Kawu ya ci birki ya tare ni da hannu.

"Auta, kar ki motsa. Kin ga abin da na gani?"

"Dutse ne, Kawu."

"Dutse! Haka wanda bai zaga duniya ba yake cewa. Duba gabas, duba yamma. Yashi ne ko ba yashi ba? To me dutse yake yi shi kaɗai a tsakiyar yashi, ba uwa ba uba? Daga ina ya zo?"

Na ce ban sani ba. Sai ya nuna sama da leɓe.

Dutsen ya kai girman tukunyar da Inna ke dafa ruwan wanka. Gansakuka ta rufe shi, ga ƙananan ƙwanso sun manne masa ko'ina, ga wani rami da ya huda shi daga wannan gefe zuwa wancan. A cikin ramin an zura wata igiya mai kauri an ƙulle, sauran igiyar ta nutse a yashi ta yi cikin ruwa.

"Kawu, ai a ɗaure yake."

"Yauwa! Yanzu kika yi magana. Wa ke ɗaure dutsen banza? Wani ne ya riga mu gani, ya ɗaure shi ya tafi neman mota. An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, to ni nawa rabon har saukowa ya yi. Miƙo wuƙar."

Ya yanke igiyar. Ya je ya aro baron wani mai kwasar yashi, muka yi ta nishi har muka mirgina abin a ciki. Muna juyawa na waiwaya, sai na ga wani shuɗin kwalekwale da ɗazu yake tsaye a ruwa ya fara tafiya a hankali, ba kowa a ciki. Na ja hannun rigar Kawu.

"Kawu, kwalekwalen can yana tafiya."

Ko waiwayowa bai yi ba. "Ai don tafiya aka yi shi. Tura."

Da muka iso gida Inna na bayan ɗaki tana wanki. Kawu ya ce ba za a sa dutsen a ɗakinsa ba, don Inna na yi masa binciken ba-zata, sai aka cusa shi ƙarƙashin gadona. Muna fitowa ta ce, "Ina kifin?"

Wallahi mun manta da wani kifi.  Kawu ya ce, "Yaya, yau teku ba ta haihu ba."

"Ba ta haihu ba? Maƙwabta me suke soyawa, takalmi?"

"Na jiya ne. Ni ba zan kawo miki na jiya ba, na taɓa aiki a inda ake gwada kifi."

Kafin azahar dutsen ya fara wari. Ba warin wasa ba, irin wanda ke tsaya maka a maƙoshi. Inna ta yi ta shaƙar iska tana cewa, "Me ya mutu a gidan nan?" Na ce ƙila ɓera ne. Ta ɗaga buhuna, ta jawo kwanuka, ta kwashe itace, da ta doso ɗakina na yi wuf na ce na riga na duba nan. Tun da nake ban taɓa yi mata ƙarya mai tsawon wannan ba.

Washegari da ta tafi kasuwa, Kawu ya jawo dutsen tsakar gida ya kankare shi da burushin wanke bayi. Da gansakukar ta fita sai ga shi fari-fari, toka-toka, da 'yan tsakuwa a jiki. Na ce, "Kawu, wannan kamar siminti."

"Kamar! Kura ma kamar kare take, je ki shafa kanta. Ruwan gishiri ne ya cinye masa launi. Asalinsa baƙi ne, don da wuta yake saukowa." Ya ɗauko man goge takalmin Baba, ya shafe dutsen tas har ya yi baƙi yana ƙyalli. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu. "Kin gani? Ba na ce miki baƙi ne ba?"

Daga nan ya ce saura gwaji, don masu zuwa daga ƙasashen waje ba sa sayen abu sai an gwada. Gwajin farko na maganaɗisu ne. In ya kama, akwai ƙarfen sama a ciki. Na ce ba mu da maganaɗisu. Ya ce akwai a cikin rediyon Baba.

Baba direban babbar mota ne, yakan daɗe bai dawo ba, kuma in ya dawo rediyonsa yake fara tambaya kafin ya tambaye mu. Na ce, "Kawu, don Allah don Annabi."

"Ke, ni da na taɓa kwance rediyon jirgin ruwa ido a rufe?"

Ya kwance shi da bakin cokali. Ya ɓamɓaro maganaɗisun daga bayan sifika, ya ɗora a dutsen, ya zame ya faɗi. Ya ɗora a wani gefen, ya faɗi. Ya juya dutsen ya ɗora a gindinsa, sai ji muka yi ƙyas, ya manne.

Kawu ya yi tsalle har hularsa ta faɗa cikin bokiti. "Ya kama! Auta, ya kama! Bene hawa nawa kike so?"

Ni kaina a lokacin sai da na ɗan yi shakka, na ce a raina ko dai yau Allah ya taimaki Kawu.

Da ya mayar da rediyon, sukurori suka yi saura a hannunsa, ya ce dama kamfani kan sa da yawa. Ya kunna, sai shuuu kawai yake yi kamar ana soya abu.

"Kin ji? Tashar sama yake kamawa. Dutsen ne ya ja shi."

Na naɗe rediyon a tsohon zane na tura bayan akwatin Inna.

Gwaji na biyu na gilashi ne. Ya ce dutsen sama yana rubutu a gilashi kamar alli a allo. Gilashin da ke gidan kuwa ɗaya ne, madubin da ke rataye a ɗakin Inna, wanda ko ƙura ba ta yarda ta hau shi ba. Tunda dutsen ba ya ɗaukuwa, sai Kawu ya ɗauko madubin ya kawo wa dutsen. Ya goga a hankali, ba komai. Ya ƙara goga, sai baƙin man takalmi.

"Bai ji ba ne. Riƙe nan in danna."

Ya danna. Madubin ya ce ƙas, ya rabe biyu daga sama har ƙasa.

Kawu ya bi tsagar da yatsa. Can ya ce, "Kin ga ƙarfi? Na ce rubutu zai yi, shi kuma yanka ya yi. Wannan ya ma fi wanda na taɓa gani."

Na haɗa ɓarin biyu cikin katakon, na mayar na rataye, na yafa masa mayafin Inna kamar ita ta jefa shi a nan. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Duk lokacin da ta shiga ɗakin sai in laɓe a bakin ƙofa ina leƙe har ta fito.

Na roƙi Kawu ya tsaya haka. Ya ce saura ɗaya tak, na wuta. "Abin da ya keto sama cikin wuta, gawayi zai ba shi tsoro? Ko gezau ba zai yi ba."

Inna na fita ya hura gawayi a murhu, muka ɗora dutsen. Man takalmin ya fara hayaƙi, wari ya cika gida, idanuna suka yi ta ruwa. Kawu ya tsuguna kusa yana fifita yana cewa, "Kin gani? Ko gezau." Bai rufe baki ba sai ji muka yi tau! Wani ɓari ya tashi daga jikin dutsen ya wuce ta gefen kunnensa, ya haure katanga. Daga can muka ji ƙarar kwano, kaza ta yi kuka, mace ta yi salati.

Maƙwabciyarmu mai kitso ce, kuma in magana ta shiga kunnenta da safe, kafin la'asar har kurame sun ji. Sai ga kanta ya leƙo ta saman katanga, matsefi a hannu.

"Nataɓa! Yaƙi aka fara ba a gaya mana ba?"

"Yi haƙuri, gwaji muke."

"Gwajin kashe ni? Ina tsaka da kitso abu ya faɗo cikin kwanon man, matar da nake yi wa ta gudu da rabin kai! Mene ne wancan kake gasawa, kan jaki?"

"Ki iya bakinki. Abin da ya faɗa gidanki, ki adana shi. Jikokinki za su ci albarkacinsa."

"Tsakuwar?"

"Tsakuwar sama. Ba don maƙwabtaka ba da na ce ki dawo mini da ita."

"Sama wacce? Wadda ka taɓa zuwa?"

"Ban je ba, amma na taɓa kusa."

Ta yi dariya har ta kusa zamewa daga kan turmin da ta taka. Amma fa da ta sauka na ji ta tana ce wa 'yarta ta nemo mata tsakuwar nan ta ƙulle a gefen zane, wai ba a sani ba.

Kafin yamma duk unguwa ta ji cewa Nataɓa na da dutsen sama. Wasu suka ce yana haske. Wasu suka ce yana magana da rediyo. Mai shayi ya ce shi dama ya ga wani abu ya wuce fuu ta saman masallaci. Kawu ya fara tafiya yana jan ƙafa kamar mai ciwon kuɗi, in an gaishe shi sai ya ɗaga yatsa biyu kawai. Da labari ya zo wa Inna ta ce, "Dutse dai? In dutse ne da sauƙi, ba ya cin wuta ba ya cin mai." Na sunkuyar da kai.

Washegari ta aike ni kifi ni kaɗai. Ina isa bakin ruwa na ga taro, ga shuɗin kwalekwalen nan an jawo shi kan yashi, gefensa a fashe. Mai shi na tsaye a kai. Mutum ne ƙato, wuyansa kamar gindin turmi, in ya yi magana sai ka ji a ƙirjinka. Ashe wasu masunta ne suka tsinto jirgin can nesa yana ta karo da duwatsu, ragar da ke ciki ta tafi. Yana riƙe da guntun igiya yana nuna wa mutane.

"Ku duba nan! Wannan ruwa ne ya tsinka? Wuƙa ce! Wani ɗan iska ya yanke mini igiya, har dutsen da nake ɗaure jirgin ya kwashe. Wa ke satar dutse, jama'a? In na kama shi, ni da shi sai an raba!"

Ban san lokacin da na juyo ba. Kifin ma sai da mai kifi ta biyo ni da shi.

Na tarar da Kawu yana aske gemu a gaban ɓarin kwalba. Na ce, "Kawu, dutsen nan na Mai Kwalekwale ne. Da shi yake ɗaure jirginsa. Mu mayar tun ba a sani ba."

Ya kalle ni da tausayi. "Auta, Auta. Shi dutsensa ya ce ya ɓata ko dutsen sama?"

"Dutsensa."

"To ina ruwan biri da gada? Nasa na ɗaure jirgi ne, nawa na sama ne. Nasa maganaɗisu na kama shi? Nasa na yanka madubi?"

"Amma igiyar..."

"Igiya ai duk duniya kama take. Gobe ma Mai Walda zai raba shi biyu a gaban kowa, a ga ƙarfen da ke ciki. Gani ya kori ji."

Na so in mirgina dutsen in kai shi bola, amma ko motsa shi ban iya ni kaɗai ba. Na so in gaya wa Inna, amma in na gaya mata ai ni na naɗe masa tabarmar da kaina. Haka na wuni da magana a baki kamar na ƙunshi garwashi.

Da safe Kawu ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Ya ƙara wa dutsen man takalmi, ya lulluɓe shi da zanen gadona, ya tura a baro har shagon Mai Walda da ke bakin titi. Mutane suka biyo mu kamar ana rabon abu. Mai kitso na gaba-gaba, hannunta a kan ƙullin zanenta. Mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta. Har da wani tsoho da ya zo da kujerarsa.

Mai Walda ya ɗaga baƙin tabaransa ya kalli abin. "Nataɓa, in ya cinye mini faifan inji fa?"

"In ya cinye, sabon shago zan buɗe maka. Da fanka."

"Fankar da za ka haɗa da kanka? A'a, bar ni da zafina."

Ana cikin dariya sai taron ya dare, ga Mai Kwalekwale ya shigo da guntuwar igiyarsa a kafaɗa. Wai ya zo a lanƙwasa masa ƙarfe ya kafa a yashi kafin ya samu wani dutsen. Ni dai na lallaɓa bayan wata tsohuwar ƙofar mota na maƙale. Na yi ta yi wa Kawu alama da ido. Shi kuwa sai ya tare shi da hannu biyu.

"Sannu da hasara, babban mutum! Na ji abin da aka yi maka. Kai, duniya ta lalace. Ai na taɓa kama ɓarawon jirgi, daga tafiyarsa nake gane shi. Ka bar mini, zan nemo maka shi."

"Allah ya sa," in ji Mai Kwalekwale.

"Kuma in an kama shi kar ka doke shi, duka ba ya koya wa irinsu hankali. Tunda ya ɗauke dutsen, a zaunar da shi a wurin dutsen, a ba shi igiyar ya riƙe, rana ta gasa shi. Shi ne hukunci."

"Wallahi ka iya magana," in ji Mai Kwalekwale. Mutane suka ce gaskiya ne, gaskiya ne.

"To zauna nan gaba ka ga abin da idonka bai taɓa gani ba."

Ya yaye zanen. Aka ce "Kai!" Dutsen ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, Mai Kwalekwale ma ya gyaɗa kai, bai gane shi ba. Mai Walda ya kunna inji. Ƙara ta cika wuri, farar ƙura ta turnuƙe, mutane na tari.

Mai shayi ya ce, "Nataɓa, ya na ga ƙurar fara?"

"Gajimare ne ya shiga cikinsa a hanya."

Can sai tartsatsi ya fara tashi. Kawu ya daka tsalle. "Ƙarfe! Kun gani? Ƙarfen sama! Waye ya ce ƙarya nake? Ya fito ya maimaita!"

Mai Walda ya kashe injin, ya sa kurfi a tsagar ya buga da guduma. Ya ƙara bugawa. Dutsen ya buɗe biyu kamar kankana. Kowa ya miƙa wuya.

A tsakiyarsa, kwance cikin siminti da tsakuwa, ga fedar keke. Da ɗan guntun sarƙa a gefenta.

 Kawu ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Allahu Akbar. Ashe a can ma suna hawan keke."

Mai kitso ce ta fara fashewa, sai kowa ya ɗauka. Tsohon nan ya faɗo daga kujerarsa yana riƙe da ciki. Mai Walda ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Mai Kwalekwale ya tsuguna, ya sa yatsa ya kankare fedar, ya juya ɓarin dutsen, ya ga ramin. Ya sauke igiyar kafaɗarsa ya zura a ramin, ta shige daidai.

"Wannan fedar kekena ce," ya ce a hankali. "Ni na kwaɓa simintin nan a tsohon bokiti, na zuba tarkacen ƙarfe don ya yi nauyi." Ya miƙe, ya yi ta miƙewa kamar ba zai ƙare ba. "Nataɓa. Ka ce daga tafiyarsa kake gane shi?"

Kawu ya fara ja da baya. "To, ai ka ga na cika alkawari. Na ce zan nemo maka shi, ko awa ba a yi ba."

"Abin nema ya samu," in ji mai kitso, "matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo!" Ta kwance ƙullin zanenta ta jefa masa tsakuwar. "Ungo, jikokina sun yafe."

Kawu ya juya zai ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, sai ya yi kiciɓis da Inna. Ɓarin madubi a hannun dama, rediyon Baba a hannun hagu yana ta shuuu. Ashe ta ɗauki mayafinta za ta zo kallo, madubin ya biyo mayafin, ta shiga bincike har ta zaƙulo rediyon a bayan akwati.

"Yaya, tsaya in yi miki bayani."

"Na ce saura nawa?"

"Ɗaya."

"Wannan nawa ne?"

"Ai duk gwaji ɗaya ne, kashi-kashi aka yi shi."

Mai Kwalekwale ya riƙo wuyan babbar rigar ta baya. "Baiwar Allah, ki ba ni aronsa. Shi ya yanke wa kansa hukunci, kowa ya ji."

"Aro?" in ji Inna. "Kyauta na ba ka."

Ranar ta naɗe tabarmarsa da hannunta kamar yadda ta rantse, ta ɗora buta a kai, ta ajiye a ƙofar gida. Ni ma na sha nawa faɗan, har ta ce ashe shiru-shirun nan nawa rumbu ne.  Ɗakin bakin ƙofa ya zama wayam, gidan ya yi shiru har ana jin ɗigar famfo.

Mai Kwalekwale ya liƙe jirginsa, ya kwaɓa sabon siminti a bokiti, ya ce ba mai taɓa shi sai ya bushe sarai. Kafin nan, duk lokacin da jirgi ke ruwa ba kowa a ciki, Kawu ne zai zauna a yashi da igiya a ƙugu. A rumfar masunta yake kwana. Mutane suka riƙa zuwa kallo, har da waɗanda ba su san hanyar teku ba. In an ce "Sannu dutse," sai ya ce, "Ku ba ku sani ba, ba kowa ake ba wannan aikin ba. Sai wanda ya taɓa riƙe babban jirgi."

Ni kuma na riƙa rage abincina ina ɓoyewa a ƙaramin kwano, in Inna ta shiga wanka in ruga in kai masa. Rana ta ƙona shi, leɓensa ya tsage, amma yana ci yana gaya mini wai ya lura yashin wurin na ƙyalli, ƙila akwai zinariya. Na ce, "Kawu, don girman Allah." Ya ce to, to, ya bari.

Rannan na dawo da kwanon a ƙarƙashin hijabi, sai na ga Inna tsaye a bakin ɗakin nan tana kallon inda tabarmar take a da. Na so in wuce sumul. Ta ce, "Ke."

Na tsaya.

"Kullum kwanon nan sai ya yi ƙafa in na shiga wanka. Kin ɗauka ban iya ƙirga kwanukana ba?"

Na fito da kwanon daga ƙarƙashin hijabi na miƙa mata.

"Simintin mutumin ya bushe?"

Na ce ya bushe tun jiya, an ma ɗaure jirgin.

"To shi me yake yi a can?"

"Yana zaune. Ya ce iskar wurin ta karɓe shi."

Inna ta yi tsaki mai tsawo. Ta ɗauki tsintsiya ta fara share ɗakin da ƙarfi kamar da shi take faɗa. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Je ki ɗauko mini dutsena, tun kafin wani wawan ya tsince shi ya ce daga sama ya faɗo."